Lantarkin Karkara a Ƙasar Adar: Mai Kaya Shi Ke Tsaron Kayansa

Duk lokacin da aka tashi maganar kai wutar lantarki karkara, abin da manyan ofisoshin Yamai ke fara ƙirgawa shi ne turaku nawa za a kafa, waya mai tsawon kilomita nawa za a ja, kuma garuruwa nawa za a je a yanke wa ƙyalle. Akwai tambaya guda da ba kasafai ake yin ta ba, alhali kuwa amsarta ce ke nuna ko aikin zai rayu ko zai bi sahun waɗanda suka gabace shi. Idan motocin baƙi suka juya, makaɗa suka watse, wutar ta wa ce? Wa ke da ikon yanka kuɗinta, wa ke riƙe da asusunta, kuma ƙofar wa za a buga ranar da ta ɗauke cikin dare ana tsakiyar karɓar haihuwa?

Wannan tambaya ta shafi Deule ta ƙasar Buza, kamar yadda ta shafi ƙauyukan da ke maƙale cikin duwatsun Adar, tun daga Keita har zuwa kwarin Tarka na Madawa. Ƙididdigar Bankin Duniya ta ƴan shekarun nan ta nuna cewa kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke samun lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin bai wuce ɗaya cikin goma ba. An kafa hukumar ANPER a 2013 domin ta kula da lantarkin karkara. A 2018 gwamnati ta ɗauki alkawarin kai wuta ga kashi 80 cikin 100 na jama'a kafin 2035, sannan a watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin Haske, na dalar Amurka fiye da miliyan 300. Ko ba daɗe ko ba jima, farantan hasken rana da wayoyi za su isa ƙauyukan da har yanzu ke kwana cikin duhu. Abin da ya kamata a yanke tun kafin su isa shi ne maganar mallaka. Abin da kuwa ya fi dacewa da ƙasar Adar shi ne a bar masu shan wutar su mallake ta, ta hanyar ƙungiyar gama kai ta gaskiya wadda gidan likita da famfon gari za su zama farkon abin da take kulawa da shi.

Lafiya uwar jiki

Ga mutumin birni, wuta na nufin fanka da talabijin da ruwan sanyi. A ƙauye lissafin ya fi haka nauyi. Yawancin alluran rigakafin yara ana ajiye su ne cikin sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40. Allurar da ta sha zafi ba ta canza kama a ido. Za a yi wa yaro ita, a rubuta a kati, uwa ta koma gida da natsuwa, alhali ƙarfin maganin ya ragu ko ya tafi. Haka ma allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, zafi na karya ta. Na'urar da ke tace iskar shaƙa domin yaron da ciwon huhu ya sarƙe ba ta aiki minti ɗaya ba tare da wuta ba. Ungozomar da ke ɗinke mace da tocila a baki, ko da hasken salula a hannun wata ƴar rakiya, tana aiki ne cikin hatsarin da ba laifinta ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka fitar a watan Janairu na 2023 ya nuna cewa kashi 15 cikin 100 na gidajen likita a Afirka kudu da Sahara ba su da wuta ko kaɗan, kuma mafi yawan masu ita ba za su iya dogara da ita ba.

Mutanen wannan yanki ba sai an karanta musu rahoto ba. Sun ga sanƙarau na 1995 da 1996, sun sake ganinsa a 2015. Sun ga yunwar 2005, wadda a bayanta ƙungiyar likitoci ta MSF ta zauna a Madawa da Buza tana jinyar yara masu tamowa. Sun ga kwalarar 2021, wadda ta kama mutum fiye da 5,000 a ƙasa, jahar Tawa na cikin inda ta fi taɓawa. Sun kuma san nisan da ke tsakanin ƙauyen kan dutse da asibitin gunduma, balle asibitin Galmi ko na Tawa, musamman da damina lokacin da ƙoramu ke yanke hanya. Abin da ba a iya yi wa majinyaci a gidan likitan da ke kusa da shi ba cikin sa'o'in farko, sau da yawa ba a samun damar yi masa shi a ko'ina.

Gaskiya ne cewa gidajen likita da dama sun samu firigon rigakafi mai aiki da hasken rana daga hannun masu ba da agaji, kuma wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. To amma firigo ba ya haska ɗakin haihuwa, ba ya tayar da famfo, kuma ranar da ya tsaya manjo ba shi da abin yi illa ya rubuta takarda ya jira mai gyara daga nesa.

Bayan gidan likita sai ruwa. Rijiyar burtsatse mai famfon lantarki, da tanki a sama da bututu zuwa unguwanni, ita ce rigakafin gudawa da taifot da kwalara da ya fi kowane arha. Ita ce kuma ke sauke wa mata da ƴan mata wahalar jan guga da doguwar tafiya da tulu. Injin niƙa na ɗauke musu daka, wanda ke cinye sa'o'i daga ranar mace mai ciki ko mai goyo. Waɗannan duka sha'anin lafiya ne, ko da ba a rubuta su cikin kundin ma'aikatar lafiya ba.

Sai dai kada a yi wa jama'a alkawarin da wuta ba za ta cika ba. Ƙaramar tashar hasken rana ba za ta dafa tuwon gidan mutum ashirin ba, saboda haka hayaƙin murhu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana da hannu a mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, zai ci gaba da shiga ƙirjin mata da yara har sai an haɗa da murhu mai tsimin itace da iskar gas. Wutar kanta ma tana zuwa da nata haɗurra. Ƙanƙara da lemon leda da aka haɗa da ruwa marar tsabta na yaɗa cuta cikin kasuwa fiye da yadda ake zato. Tsohon batir mai dalma, idan aka fasa shi a tsakar gida, guba ne. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a unguwar Caroy da ke gefen Dakar saboda sana'ar fasa batir. Kamfanin da ke sayar da wuta ba ruwansa da ruwan da aka daskarar da ita. Ƙungiyar da iyayen yaran ke cikinta kuwa tana da dalilin kafa ƙa'ida, da bakin da za ta tsawata wa ɗanta.

Hanyoyi uku da aka saba bi

Hanya ta farko ita ce a jira NIGELEC. Tun da aka kafa wannan kamfani a 1968, ƙarfinsa ya fi tafiya ga birane, kuma ba abin mamaki ba ne, domin jan waya kilomita da dama zuwa ƙauyen da gidajensa ba za su sha fiye da ƙwai biyu da cajin salula ba asara ce a littafin kowane kamfani. Har ila yau wutar da yake rabawa ta daɗe tana zuwa daga waje: kusan kashi 70 cikin 100 daga Najeriya take fitowa kafin watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke ta cikin takunkumin CEDEAO, ba a mayar ba sai a farkon 2024. Darasin wannan lokaci bai kamata ya wuce a banza ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018 cikin wannan jaha, ta nuna cewa ranar da ke ƙona Adar dukiya ce, amma wutarta cikin babbar waya take shiga, ba ta san ƙauyen da wayar ba ta kai ba.

Hanya ta biyu ita ce a miƙa gari ga ɗan kasuwa mai zaman kansa, abin da dokar lantarki ta 2016 ta buɗe wa ƙofa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi riba, kuma masu karanta wannan shafi sun fi kowa sanin haka. Amma su ne kuma suka fi kowa sanin abin da ke faruwa a kasuwar da mai sayarwa ɗaya ne tak. Wanda ya zuba jarinsa zai fara da babban gari mai kasuwar mako, ya bi layin masu shaguna, ya bar unguwar talakawa. Ranar da gidan likita ya kasa biya, lissafinsa zai ce masa ya yanke.

Hanya ta uku ita ce kyauta: wata ƙungiyar waje ta zo ta kafa farantai da batura, ta naɗa kwamiti cikin yini ɗaya, ta ɗauki hoto ta tafi. Wannan ita ce hanyar da ta cika karkarar Nijar da famfunan da suka daina zuba da bankunan cimaka da suka zama ɗakunan ajiyar kara. Farantin hasken rana na iya shekara ashirin yana aiki, amma batir mai dalma ƴan shekaru kaɗan yake yi, na zamani mai tsada ma da wuya ya wuce shekara goma da wani abu. Tashar da ba a tara mata kuɗin sabon batir tun daga watan farko ba, an riga an rubuta ranar mutuwarta.

Abin da Adar ta riga ta gani

Duk wanda ya ambaci ƙungiyar gama kai a gaban dattijon Adar zai ga ya yi murmushi, kuma yana da hujja. Tun 1962 aka kafa UNCC, a 1984 aka maye gurbinta da UNC cikin tsarin da mulkin Janar Seyni Kunce ya shimfiɗa. A takarda ƙungiyoyin manoma ne. A zahiri kowane magidanci ɗan ƙungiya ne ko ya so ko bai so ba, bai sa ko dala ba, ba a tambaye shi ba, kuma ma'aikacin da aka turo daga sama shi ke riƙe da littafi da mabuɗi. Da bashi ya taru sai kowa ya ce na gwamnati ne, domin dama ƙungiyar ta gwamnati ce. Sai bayan Taron Ƙasa na 1991 aka fara sassautawa, har dokar 1996 ta ba mutane ƴancin kafa ƙungiyarsu da wanda suka ga dama. Abin da ya mutu a wancan zamani reshen ofis ne da aka laƙaba wa sunan gama kai, saboda haka ba a yi wa gama kai adalci ba idan aka ɗora masa laifin.

Ƙasar Buza kanta tana da misalin da ya fi kusa. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatar gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin karya iskar da ke kwashe ƙasar noma. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita, kuma awon da aka yi ya nuna hatsin da ke bayansu ya ƙaru da abin da ya kusa kashi ɗaya cikin biyar. Amma a shekarun farko sai da aka ɗauki masu gadi ana biyan su, domin manomi na kallon itacen a matsayin na hukuma da aka dasa cikin gonarsa. Da itatuwan suka isa sassabe, babbar maganar da ta taso ita ce wa ke da itacen kuma wa zai ci kuɗinsa. A jahar Maraɗi da maƙwabtanta kuwa, tun daga tsakiyar shekarun 1980, da manoma suka tabbata cewa itacen da suka raina a gonarsu ba za a ci su tara a kansa ba, sai suka raya miliyoyin hekta ba tare da mai gadi ko ɗaya ba, har gwamnati ta tabbatar musu da wannan haƙƙi da doka a 2020.

A Keita, babban aikin da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, tare da FAO da hukumar abinci ta PAM, ya farfaɗo da dubban hekta na fako, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka gina madatsun ruwa, daga bisani aikin ya shigo har ƙasar Buza. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin maza sun tafi cin rani. Aiki ne da duniya ta yaba. Amma bayan da aikin ya rufe, abin da magidanci ke gani nasa ne, wato gonar da aka gyara masa, ya fi samun kulawa bisa madatsar da take ta kowa kuma ba ta kowa ba. Wannan shi ne darasin da duk mai son kafa tashar wuta a Deule ko a Tabotaki ko a Allakai ya kamata ya riƙe.

Abin da wasu ƙasashe suka gani

Amurka, wadda ake ɗauka uwar jari hujja, ba kamfanoni ne suka kai wa ƙauyukanta wuta ba. A 1935 gona ɗaya ce kawai cikin goma ke da lantarki, domin kamfanoni sun ce babu riba. Gwamnatin Ruzbelt ta kafa hukuma a wannan shekara, doka ta biyo baya a 1936, aka riƙa ba ƙungiyoyin manoma rance mai sauƙi na dogon lokaci su ja wayarsu da kansu. Kafin tsakiyar shekarun 1950 gonaki tara cikin goma sun samu wuta. Har yau ƙungiyoyi kusan 900 ke ba mutum fiye da miliyan 40 lantarki a can, kuma rarar da aka samu ga ƴan ƙungiya take komawa. Bangaladash ta ɗauki wannan tsari a 1977, kuma ƙungiyoyin karkara 80 ne ke rarraba wa mafi yawan ƙauyukanta wuta.

Misalin da ya fi kama da Nijar shi ne na Burkina Faso, kuma shi ne ya fi cancantar a dube shi da idon basira, domin yana da daɗi da ɗaci. Daga farkon shekarun 2000 aka kafa ƙungiyoyin lantarki da ake kira COOPEL, suka kai wuta garuruwa da dama da kamfanin SONABEL bai kai ba. Amma da yawa daga cikinsu sun faɗa cikin bashi da rigimar shugabanci: an kafa su ne domin cika sharaɗin samun tallafi, ƴan ƙungiya ba su sa jari mai nauyi ba, shugabanni ba su san aikin ba, ba a kuma yin taron shekara. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A nan gida ma, sha'anin ruwan sha ya bi irin wannan hanya, inda gazawar kwamitocin gari wajen riƙe kuɗin famfo ta sa aka koma ga ba ƴan kasuwa kwangilar gudanarwa, musamman bayan dokar ruwa ta 2010. Duk mai goyon bayan gama kai da ya kauce wa waɗannan misalai yana yaudarar kansa ne.

Sharuɗɗan da ba a sassauta su

Abin da ya raba ƙungiyar da ta rayu da wadda ta mutu sananne ne, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka. Dokar OHADA ta 2010 a kan ƙungiyoyin gama kai ta riga ta tanadi yadda ake kafa su, da majalisar gudanarwa, da masu sa ido, da taron shekara.

Na farko, shiga da kuɗi ne kuma da son rai. Ko kaɗan ne, kowane gida ya sayi rabonsa ya karɓi takarda. Adar na da jarin da ba a cika lissafawa ba, wato ƴaƴanta da ke Abijan da Kano da Legas da Libiya, waɗanda suka saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko aji ko su haƙa rijiya a garinsu. Tallafin gwamnati da na masu agaji wajibi ne wajen sayen kayan farko, domin babu ƙasar da karkararta ta samu wuta ba tare da shi ba, amma ya zo ne ya tarar da kuɗin mutanen gari a ƙasa.

Na biyu, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya. Alhajin da ke da firigo goma da injin niƙa zai biya gwargwadon abin da ya sha, amma ranar zaɓe hannunsa ɗaya ne da na gwauruwar da ke da ƙwan lantarki guda. Mata kuma su zama ƴan ƙungiya da sunansu, su samu kujeru a majalisar gudanarwa. A garin da maza ke tafiya rabin shekara, ƙungiyar da ta rubuta sunayen magidanta kaɗai za ta riƙa yin taro da mutanen da ba sa nan, ta bar waɗanda ke kai yara awo da ɗebo ruwa a bakin ƙofa.

Na uku, a raba mallaka da aikin hannu. Ƙungiya ce mai kaya, amma ta ɗauki ƙwararren mai gyara da mai lissafi da albashi, ko ta ba wani kamfani kwangila mai wa'adi wadda za ta iya sokewa. Ta nan ne ake cin amfanin darasin famfunan ruwa ba tare da an sallama dukiyar gari ba. Ƙauyuka biyar ko goma na iya haɗuwa su riƙe ma'aikaci ɗaya da ma'ajiyar kayan gyara ɗaya.

Na huɗu, kuɗin wuta ya faɗi gaskiya. A biya kafin a sha, kuma a cire kason batir a zuba shi a asusun da ba a taɓawa sai da sa hannun mutum uku. A manna lissafi a bakin kasuwa duk wata, a karanta shi da Hausa a taron shekara. Ba rance daga wannan asusu, ko don biki, ko don zaɓe, ko don tarbar babban baƙo.

Na biyar, a rubuta matsayin gidan likita da famfo cikin dokar ƙungiya tun ranar farko: layinsu dabam, su ne na ƙarshe da za a kashe wa wuta idan batir ya yi ƙasa. A kuma faɗi wanda zai biya kuɗinsu. Tun da aka shigo da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, gidajen likita sun sha jiran kuɗin da baitulmali ke biyan su, wani lokaci shekara da shekaru. Ƙungiyar da ta jingina da wannan kuɗi za ta faɗi. Ya fi kyau ƴan ƙungiya su amince da ƙaramin ƙari a kan kowane ma'auni domin wutar ɗakin haihuwa, ƙaramar hukuma da kwamitin gidan likita su cika saura bisa yarjejeniya rubutacciya.

Kira ga ƴan kasuwa da ma'aikata

Tashar hasken rana na samar da mafi yawan wutarta da rana tsaka, lokacin da gidaje ba sa buƙatarta. Masu niƙa, masu walda, teloli, masu sayar da ƙanƙara da manoman albasa na Tarka da Majiya su ne za su sha wannan wuta, kuma kuɗinsu ne zai riƙe tashar har ta haska gidan talaka da dare. Su ma ribarsu a fili take, domin tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 duk mai injin ban ruwa ko janareta a bakin iyaka ya ji a jikinsa. Abin da ake roƙon ɗan kasuwa shi ne ya shigo a matsayin babban mai saye kuma ɗan ƙungiya, ya haƙura da son zama mai gari.

Malamin makaranta da manjo da ma'aikacin gona kuwa sun san dalilin da ya sa ake gudun aiki a ƙauye, kuma rashin wuta na kan gaba. Suna da ilimin da ƙungiya ke buƙata wajen rubuta doka da duba lissafi. Su ba da shi, amma kada su riƙe mabuɗi, domin ma'aikaci baƙo ne da takarda ɗaya ke iya ɗauke shi gobe. Sarakuna su zama masu sulhu idan rigima ta taso, su bar kujerar shugabanci ga wanda aka zaɓa. Ƴan siyasa kuma, na jiya da na gobe, su sani cewa ranar da asusun batir ya zama abin wasoso, ko aikin mai gyara ya zama na ɗan uwa da aboki da sanayya, ranar ce aka kashe wutar.

Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa masu riƙo, wuraren da talaka ke ɗaga hannu ya zaɓi wanda zai riƙe masa amana, ya kuma tambaye shi lissafi, sun ragu. Wannan ya ƙara wa maganar nauyi. Ya rage ga ANPER da ma'aikatar makamashi su tanadi gurbi bayyananne ga ƙungiyoyin masu shan wuta cikin kowane shirin da za a kawo Buza da Keita da Madawa, tare da rance mai dogon wa'adi, da horo, da mai binciken lissafi da zai zo kowace shekara. Ya kuma rage ga mutanen Deule da maƙwabtansu su fara zama tun yanzu, su rubuta sunaye, su buɗe asusu, domin ranar da masu farantai suka iso su tarar da waɗanda za su yi ciniki da su a matsayin masu kaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi kaɗai ne zai hau ya toshe tun damina ba ta faɗi ba.